Kifi a Lokacin Ɗari: Mu Tsare Ɗumin Ruwa, Mu Bar Ƙona Itace



A shekarun nan kiwon kifi ya fara shiga cikin gidaje. A birnin Tawa da garuruwan da ke kewaye, sai ka tarar mutum ya gina kwami, wato ramin siminti na ajiye ruwa, a bayan ɗakinsa. Wani kuma na leda mai kauri yake kafawa. Ya zuba ƴaƴan tarwaɗa ko na karfasa, ya riƙa ba su abinci. Wannan abu ne mai kyau. Iyali za su ci, yara su sami abin gina jiki, a sayar da saura a yi cefane. Sai dai akwai wata matsala da ke zuwa duk shekara idan watan Disamba ya kama. Ruwa ya yi sanyi, kifi ya daina cin abinci, mai kiwo ya rasa abin yi.

Wani maƙwabcina ya taɓa shiga wannan hali. Kwaminsa yana da tsawon mita 3, faɗin mita 2, zurfin mita 1. Yana cin ruwa lita 6000, wato jarka 300 mai lita 20. Da ɗari ya tsananta, sai ya ga kifinsa sun kwanta a ƙasa, ba sa tasowa ko ya watsa abinci. Sai ya yanke shawarar ɗumama musu ruwa. Kullum da asuba ya ɗora babbar tukunya, ya tafasa ruwa, ya juye a ciki. Bayan mako biyu itacen da uwargida ta tanada don tuwo ya ƙare. Ruwan kwami yana nan da sanyinsa. Wasu kifin ma sun mutu, domin ruwan zafi ya sauka a kansu.

Ra'ayina shi ne: a ƙasar Adar bai kamata mai babban kwami ya sayi zafi ba, ko da itace, ko da gawayi, ko da lantarki. Rana tana ba mu zafin da muke bukata kyauta a kowace safiya. Aikinmu shi ne mu hana shi gudu da dare. Ga dalilaina.

Me ya sa kifi ke ƙin abinci?

Ana auna zafi da digiri. Ruwa yana tafasa a digiri 100. Jikin mutum mai lafiya yana tsayawa a digiri 37, ko ana zafi ko ana ɗari. Haka akuya da kaza, jikinsu yana riƙe da ɗuminsa. Kifi ba haka yake ba. Zafin jikinsa yana bin zafin ruwan da yake ciki. Idan ruwa ya yi sanyi, jikinsa ya yi sanyi, cikinsa ya rage narka abinci, motsinsa ya ragu.

Tarwaɗa da karfasa kifin ƙasashen zafi ne. Sun fi cin abinci da girma idan ruwa yana tsakanin digiri 26 da 30. Idan ya sauka ƙasa da 20, cin abinci ya ragu ƙwarai, girma ya kusa tsayawa. Karfasa takan fara mutuwa idan ruwa ya kai wajen digiri 11 ko 12 ya daɗe a haka.

To yaya ɗarin Tawa yake? A watan Janairu, da rana zafin iska yakan wuce digiri 30. Da dare yakan sauka wajen 15, wani dare ma ƙasa da haka. Ke nan ba irin sanyin ƙasashen Turai ba ne, inda ruwa ke daskarewa. Namu sanyin dare ne da na asuba. Da hantsi rana ta dawo da ƙarfinta. Wannan bambanci shi ne mabuɗin maganar.

Mu yi lissafi

Mu da muka shiga ajin yaƙi da jahilci mun koyi lissafi domin irin wannan rana. Bari mu gwada shi a kan kwamin maƙwabcina.

A ce ruwansa yana digiri 20. Idan ya juye jarka ɗaya ta tafasasshen ruwa a cikin lita 6000, zafin zai ƙaru da kwatan digiri kawai. Kafin ya ɗaga shi daga 20 zuwa 25, sai ya tafasa jarka kusan 20. Murhun duwatsu uku kuwa ɓarna gare shi. Cikin kashi 10 na zafin wuta, kashi 1 ko 2 ne kaɗai ke shiga tukunya, sauran ya bi iska. Don haka wannan aiki zai ci busasshen itace fiye da kilo 50. Kuma na kwana ɗaya ne, domin gobe da asuba ruwan ya sake hucewa.

Mai wutar lantarki shi ma bai tsira ba. Ɗaga ruwa lita 1000 da digiri ɗaya yana cin ɗan fiye da kilowat ɗaya, irin wanda na'urar awon wuta ke ƙirgawa a jikin bango. Lita 6000 da digiri 5 zai ci kilowat 35. Kamar mutum ya kunna dutsen guga ne ya bar shi awa 35. Ku dubi takardar kuɗin wutarku, ku ga farashin kilowat ɗaya, ku ninka sau 35, sannan ku ninka da kwanakin ɗari. Kuɗin zai fi ƙarfin ribar kifin nesa ba kusa ba.

Yanzu mu dubi rana. A ƙasarmu, kowane fili mai mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi yana samun zafin rana da ya kai kilowat 5 zuwa 6 a yini. Bakin kwamin maƙwabcina ya kai irin wannan fili guda 6. Ke nan rana tana sauke masa kilowat 30 ko fiye kowace rana, ba tare da ya biya ko dala ba. Kusan daidai da abin da yake neman saye da tsada.

To ina ɗumin yake tafiya?

Amsar tana cikin randar da ke tsakar gidanku. Me ya sa ruwan randa ke sanyi? Domin ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi. Duk ruwan da ya bushe ya bi iska, yana tafiya da zafi mai yawa. Shi ya sa mata ke ajiye randa a inda iska ke kaɗawa. Shi ya sa kuma mai gumi ke jin sanyi idan iska ta buge shi.

Masana sun auna abin. Lita ɗaya da ta bushe tana kwashe zafin da ya isa ya rage wa lita 580 digiri ɗaya. Idan ruwan kwamin maƙwabcina ya ragu da santimita ɗaya saboda bushewa, lita 60 ke nan suka tafi. Zafin da suka tafi da shi ya kai na digiri 5 zuwa 6 na dukan kwamin.

Iskar hunturu busasshiya ce, ba ta da laima ko kaɗan. Mun san yadda take fasa leɓe da diddige. Idan ta bi ta kan buɗaɗɗen kwami, tana mayar da shi babbar randa. Wannan ita ce babbar ƙofar da ɗumi ke fita. Ƙofa ta biyu ita ce sararin sama: idan dare ya yi garau babu gajimare, ruwa yana sakin zafinsa sama, kamar yadda rairayi ke hucewa bayan faɗuwar rana. Ƙofa ta uku ita ce bango, musamman na kwamin da aka gina a kan ƙasa, iska na bugunsa ta ko'ina.

Wanda ya zuba zafi alhali waɗannan ƙofofi suna buɗe, ɗiban ruwa yake yi da kwando.

Darasi daga Tabalak da Majiya

Ba sai mun je nesa neman malami ba. Tafkin Tabalak yana wajen kilomita 50 daga Tawa, a kan hanyar Abalak. A shekarar 2005 aka sa shi, tare da tafkin Ɗan Dutsi, cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci a duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Tarwaɗa da karfasa sun yi shekara da shekaru a cikinsa. Wa ya taɓa hura musu wuta? Abin da ke tsare su shi ne yawan ruwa. Ruwa mai yawa ba ya saurin hucewa. Shayi a ƙaramin kofi yana hucewa nan da nan, amma babbar tukunyar kunu tana daɗewa da ɗuminta. Idan saman ruwa ya canja, kifi yakan koma wurin da ya fi masa daɗi. Darasin shi ne, babban kwami mai zurfi ya fi ƙarami marar zurfi jure ɗari. Girmansa da ke sa ɗumama shi da wuta ya yi tsada, shi ne kuma ke sa ya riƙe zafin rana har asuba, idan an taimaka masa.

Darasi na biyu yana kwarin Majiya, wajen Buza. Tun daga 1975 ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE suka fara dasa layukan dogon yaro don tare iska. Manoma suka ga gero ya fi kyau a bayan itatuwan, domin iska ta rage busar da ƙasa. Abin da ya yi wa gona amfani zai yi wa kwami. A tare iska, bushewa ta ragu, ɗumi ya zauna.

Sannan mu tuna da wahalar da aka sha a Kaita. Daga 1984, da taimakon ƙasar Italiya da hukumar abinci ta duniya FAO, mutanen wurin, musamman mata, sun ɗauki duwatsu a ka, sun gina shingaye, sun dasa miliyoyin itatuwa don farfaɗo da ƙasar da ta mutu. A ƙasar da itace ya yi irin wannan tsada, bai dace a ƙona kilo 50 a kwana ɗaya don ruwan da zai huce kafin gari ya waye ba.

Abin da wasu ƙasashe suka gano

A Turai da Amurka mutane suna kiwon kifin ado a cikin akwatin gilashi a ɗakunansu. Da yake kifin na ƙasashen zafi ne, suna sa wata ƴar na'urar lantarki a ruwa, mai kunna kanta idan ruwa ya yi sanyi, ta kashe kanta idan ya yi ɗumi. A ƙaramin akwati abin ba ya da tsada. Amma masu manyan akwatuna sun gane cewa murfi shi ne farkon magani. Suna rufe sama, su liƙa wa baya da ƙasa abin da ke hana zafi fita, sannan na'urar ta yi ɗan aikin da ya rage.

Ƙasar Masar ita ce ta fi kowace ƙasa a Afirka kiwon karfasa, kuma ɗarinsu ya fi namu. Masu kiwo a can sukan zurfafa tafkunan da kifi zai yi ɗari a ciki. Masu ƙyanƙyasar ƴaƴan kifi kuma sukan yi wa kwami rumfar farar leda, rana ta shiga, iska ta kasa shiga. Dabararsu ke nan, kuma ba ta fi ƙarfinmu ba.

Abin da za mu yi

1. A sayi ma'aunin zafi wanda ake sa wa a ruwa. A auna sau biyu, da asuba da kuma la'asar, a rubuta a littafi. Wanda ya rubuta na mako ɗaya zai san halin kwaminsa, ya daina aiki da tsammani.

2. A tare iska. Hunturu daga gabas da arewa yake busowa. A kafa darni na kara ko zana a waɗannan ɓangarori, ya fi bakin kwami tsawo. A bar kudu a buɗe, domin a lokacin ɗari ta nan rana take bi.

3. A yi murfi. A gicciya sanduna a sama, a shimfiɗa farar leda mai nuna haske. Da yamma, kafin magariba, a ɗora zana ko tsohuwar tabarma a kan ledar. Da hantsi a ɗauke tabarmar, a ɗage gefen ledar don iska ta shiga. Kada leda ta kwanta a kan ruwa. A bar tazarar taƙi ɗaya ko biyu, da ƴar kafa a gefe. Tarwaɗa tana tasowa sama ta shaƙi iska, karfasa kuma tana bukatar iskar da ke shiga ruwa ta sama.

4. A cika kwami. Ruwan da bai kai gwiwa ba yana hucewa da wuri. A ɗari a bar shi ya kai zurfin mita ɗaya. Idan kwamin a kan ƙasa yake, a tara masa ƙasa ko buhunan ƙaiƙayi a jikin bango. Wanda bai gina ba tukuna, ya nutsa rabinsa cikin ƙasa. Tun ran gini, tun ran zane.

5. A yi amfani da ruwan rijiya. Kowa ya san ruwan rijiya da ɗumi yake fitowa da asubar ɗari, domin cikin ƙasa ba ya bin sanyin dare. Idan za a canja ruwa, a zubar da kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar, a ƙara sabon da aka ɗebo a lokacin. A zuba shi daga sama yana fantsama, don ya ɗauki iska. Ruwan famfo yana da maganin kashe ƙwayoyin cuta da ke cutar da kifi, sai an bar shi ya kwana a buɗe. Tsohon ruwan kuwa taki ne, a kai shi ga albasa da kabeji.

6. A rage abinci. A ba da shi tsakanin azahar da la'asar, lokacin da ruwa ya fi ɗumi. A watsa kaɗan, a tsaya a gani. Idan sun daina tasowa, a dakata. Abincin da ba a ci ba yana ruɓewa a ƙasa, ya ɓata ruwa, ya kawo cuta. 

7. A rage kama kifi da hannu ko da koma. A cikin sanyi, raunin fatarsa ba ya saurin warkewa, kuma wani farin abu mai kama da auduga yakan fito a wurin.

8. Idan zafi ya fara dawowa, wajen ƙarshen Fabrairu, a cire ledar gaba ɗaya. Murfin da ya taimaka a Janairu zai dafa kifi a Afrilu.

Ina wuta take da amfani?

Wani zai ce: to, ashe babu inda ɗumama ruwa ke da riba? Akwai. Mai ƙyanƙyasar ƙwan tarwaɗa yana da hujja. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya ko ɗan fiye idan ruwa yana wajen digiri 28. A ruwan sanyi yakan daɗe, da yawa su lalace. Ƙananan ƴaƴa ma ba sa jure sanyi. Amma ruwansu kaɗan ne, lita 100 ko 200, a cikin ɗaki. A nan ƙaramar na'ura mai kashe kanta za ta biya kuɗinta, in an rufe mazubin. Baƙar ganga mai lita 200 da aka bari a rana ita ma tana taimaka wa irin wannan ƙaramin wuri. A babban kwami kuwa, abin da za ta ƙara bai fi rabin digiri da ƴan kai ba.

Wani kuma zai ce: ko da murfi, kifi ba zai yi girma kamar na damina ba. Gaskiya ne. Murfi ba ya mayar da Janairu ya zama Yuni. Abin da yake yi shi ne ya hana ruwa faɗuwa sosai da asuba, kifi ya fita ɗari da lafiyarsa. Manomi ya san kowane abu da lokacinsa, ba ya shuka gero a hunturu. Tarwaɗa mai samun abinci mai kyau takan isa sayarwa cikin wata 5 ko 6. Wanda ya zuba ƴaƴa bayan ɗari ya wuce, zai iya sayarwa kafin wani ɗarin ya zo. Wanda ya ajiye kifi cikin ɗari kuma, ya yi haƙuri da wata biyu na jinkirin girma. Haƙurin ya fi ƙona dukiya sauƙi.

Lafiyar iyali

Akwai haɗarin da ya fi asarar kuɗi. Wasu suna tsoma ƙarfen dafa ruwa na lantarki a kwami, da wayoyin da aka ɗaure da leda. Ruwa da lantarki ba sa haɗuwa. Yaro ya sa hannu don ya taɓa kifi, wuta ta ja shi. Duk mai na'ura a ruwa, ya cire ta daga wuta kafin ya sa hannu.

Wasu kuma suna shigar da garwashi cikin ɗakin ƴaƴan kifi, su rufe ƙofa da taga, har su kwana a ciki. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi. Tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri, tana kuma kashe mai barci. Haka nan ɗaukar tafasasshen ruwa da duhun asuba a gidan da yara ke yawo yana jawo ƙuna. Kuma a sani, murfin leda ba ya ɗaukar nauyin yaro. Kwami mai zurfin mita ɗaya yana bukatar shinge da ƙyaure.

Maƙwabcina ya bi shawara a ɗarin da ya biyo baya. Ya kafa darni da karan gonarsa, ya sayi leda da ma'auni. Kullum da yamma ɗansa ne ke rufewa, da hantsi ya buɗe, ya rubuta digiri a littafi. Kifin sun rage ci, amma ba su daina ba, tukunyar tuwo kuma ta ci gaba da samun itacenta.

Ƴan'uwa, kara da zana muna da su a gida. Kafin ɗari mai zuwa, kowane mai kwami ya tanadi leda da ma'auni, ya nemi ma'aikacin gandun daji ko malamin gona na yankinsa don ƙarin bayani. Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba tukuna. Allah ya sa albarka a cikin kiwonmu, amin.